Shekarar da Na Rame

Ku 'ya'yana kun taso kun san ni da jiki, daga baya kuka san ni da sanda. Abin da ke tsakanin biyun ne ba ku sani sosai ba, domin a lokacin Tabita hankalinta yana kan aurenta, Rahila tana makarantar kwana, Dauda kuwa bai kai a gaya masa komai ba. Abin da kuka riƙe shi ne garwashi ya ƙone ni a ƙafa, ƙafar ta ƙi warkewa, likita ya yanke. Haka ne, babu ƙarya a ciki. Amma garwashin a ƙarshe ya zo, kuma ina so ku ji farkon daga bakina tun ina da bakin faɗa.

A gidanmu a Kagoma ƙiba ba ciwo ba ce, albarka ce. Mahaifiyata ta ƙare rayuwarta tsakanin gonar doya da gonar citta, jikinta a bushe kamar itacen girki, kuma ba ta taɓa son hakan ba. Idan matar malamin makaranta ta wuce tana jan jiki da ƙyar, sai ta bi ta da kallo ta ce wannan ita ce ta yi dacen miji. Shekarar da na auri babanku Ishaku muka koma Kafanchan, na je gida Kirsimeti na ɗan ciko, sai ta kama hannuna ta juya ni gaban matan unguwa tana dariya har da hawaye, tana cewa su duba yadda ake riƙon 'yarta. Ban taɓa manta wannan ranar ba. Duk abin da na aikata daga baya, da wannan juyawar a cikinsa.

Babanku direban babbar mota ne a lokacin, yana ɗaukar citta zuwa Legas, ya yi sati ko fiye bai kwana gida ba. Ni kuma na buɗe rumfar abinci kusa da tasha: tuwon shinkafa, sakwara, gwate da safe, farfesun kayan ciki da rana. Mai sayar da abinci ba ta da lokacin cin abinci, sai dai ta ci duk yini. Ka ɗanɗana wannan tukunya, ka ɗanɗana waccan, abin da ya rage da yamma ba za a zubar ba, zafin murhu kuma sai da lemon kwalba mai sanyi. Kafin in haifi Dauda direbobi sun sa mini suna Mama Cika-Ƙofa, kuma ina amsawa da fara'a. A Zumuntar Mata ta cocinmu ni ce mai buga tulu, a zaune, domin gwiwoyina sun daina yarda da tsayuwa. Idan na hau matakalar coci sai na tsaya a tsakiya na yi kamar ina gaisawa da wani, alhali numfashi nake nema. Duk wannan ban ɗauke shi ciwo ba. Na ɗauka kuɗin da ake biya ne don zama babbar mace.

Daga baya ƙishirwa ta zo, irin wadda ruwa ba ya kashewa, da yawan fitsari, da wani ƙaiƙayi a inda mace ba ta iya sosawa gaban mutane ba ta kuma iya faɗa wa kowa. Na sha sassaƙe iri-iri a ɓoye. Wata ranar kasuwa ina tuƙa tuwo sai na ga murhun ya zama biyu, na farka a ƙasa kaina a cinyar Hajiya Uwani. Ita ce maƙwabciyata a kasuwa, mai sayar da manja da kayan miya, tun kakanninta suke da rumfa a wannan layi. Ita ta tare keke mai ƙafa uku ta kai ni asibiti, ta bar kayanta a buɗe. Likitar mace ce, ƙarama, ba za ta girmi Tabita da yawa ba. Ta ce ciwon suga ne da hawan jini, ta rubuta magani, sannan ta dunƙule hannunta ta nuna mini ta ce iyakar tuwona ke nan daga yau, miyar ganye kuwa in ci yadda nake so. Ta ce maganin kaɗai ba zai yi ba sai na rage jiki, in ba haka ba idanuna da ƙafafuna da ƙodata ne za su biya. Na kalli dunƙulen hannun nan nata na yi dariya, na ce ko Dauda ba zai ƙoshi da wannan ba. Ita ba ta yi dariya ba.

Babanku ne ya ɗauki maganar da gaske fiye da ni. Da ya dawo ya ji, washegari ya hau babur ya je ƙauye ya dawo da buhun acca. Ya hana shigo da lemon kwalba gidan, har shi kansa ya daina sha, shi da ba abin da ke damunsa. Duk ranar da yake gari sai ya tashe ni da sassafe mu bi gefen layin dogo da ƙafa. Farkon farawa ko gadar farko ba na kaiwa, ina tsayawa ina zaginsa da yarenmu, shi kuma yana dariya yana cewa motar da ta daɗe a fake ba ta tashi da bugu ɗaya. A hankali na wuce gadar. A hankali rigunana suka fara yi mini yawa, na kai wa tela ya rage, na sake kaiwa. Ƙaiƙayin ya tafi. Wata safiya na sunkuya na yanke farcen ƙafata da kaina, abin da aka yi shekaru Tabita ce ke yi mini. Ina so ku riƙe wannan da kyau: ban taɓa jin daɗin jikina ba kamar a waɗannan watannin. Ina barci, ina hawa matakalar coci ba tsayawa, har na fara buga tulu a tsaye.

Sai mutane suka fara tambaya. Da fari gaisuwa ce kawai, wani direba ya ce Mama lafiya kuwa, na ce lafiya lau, rage jiki nake yi. Ya kalle ni ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Bayan shi wani, bayan shi wata. Sannan na lura wasu sun fara zuwa da cokalinsu a aljihu. Sannan benci ya fara zama babu kowa a lokacin da a da ake tsayuwa a jira wuri. Ku yanzu kun saba ganin ana shan magani ana rayuwa da kanjamau kamar kowane ciwo, ba za ku gane yadda abin yake a wancan lokaci ba. Mun binne mutane da yawa a yankinmu, kuma kowa ya ɗauka ya san yadda abin ke farawa: mace ta rame, mijinta kuma direban doguwar hanya. Na gaya wa duk wanda ya tambaya cewa suga ce. Sai su gyaɗa kai su ce haka ne, suga, Allah ya sawwaƙe, da wata irin murya mai laushi. Ai duk wanda ciwon nan ya kama a garin, suga yake cewa ko taifot. Gaskiyata ta zama irin ƙaryar da aka saba ji.

Ranar da abin ya fito fili a Zumunta ne. Mun tashi addu'ar rufewa mun riƙe hannun juna kamar kullum, shugabarmu ta fara da marasa lafiya na asibiti, sannan ta rage murya.

"Ya Uba, ka dubi 'yar'uwarmu da ke tsakaninmu, wadda take ɗauke da kayan da ba ta iya faɗa. Ka ba ta ƙarfi. Wanda kuma ya kawo wannan abu cikin gida, ka ba shi zuciyar tuba."

Matar da ke riƙe da hannuna na dama ta sassauta yatsunta a hankali har hannuna ya faɗi. Idona a rufe yake amma na san duk ɗakin ni ake kallo. Aka ce amin, ni ma na ce amin. Na fita ban ɗauki tuluna ba. Tun daga bakin coci har gida ban ɗaga kai ba, ina jin ƙasusuwan wuyana kamar an rubuta wani abu a kansu kowa yana karantawa. Washegari na fara yafa gyale mai kauri a kan murhu, cikin zafi, don kada a ga kafaɗuna.

A lokacin an riga an sa ranar auren Tabita da Bitrus. Wata Asabar mahaifiyarsa, Mama Saratu, ta zo daga Fadan Kagoma da doya da kaza. Na dafa mata shinkafa, ta ce ta ci abinci a hanya. Na kawo ruwa, ta ajiye kofin a ƙasa kusa da ƙafarta. Tsohuwa ce mai gaskiya, ba na riƙe da ita a zuciya, kuma ba na so ku riƙe ta. Hausarta irin ta tsofaffinmu na ƙauye ce, mace da namiji duk kai ne a wurinta. Ta daɗe tana kallon wuyana kafin ta yi magana.

"Maman Tabita, ka rame. Ni ba zan ɓoye maka ba, maganar ya kai har wurinmu. Ban ce komai ba, ni ba likita ba ne. Amma yaron nan shi kaɗai ne gare ni. Bari a ɗaga biki zuwa bayan girbi, mu ga yadda jikinka zai yi."

Tabita tana kicin, ta ji komai. Ta ci gaba da wanke-wanke da shara, amma ta daina zuwa rumfa taya ni, kuma idan muka haɗa ido sai ta kawar da kai. Na san ba ƙyamata take yi ba, tsoro ne. Amma uwa ta ga 'yarta tana tsoron kallonta, wannan abu ne da ba na roƙa wa kowa.

Yanzu zan faɗi abin da ko Tabita ba ta sani ba. Idan mutane da yawa suka daɗe suna gaya maka abu da ido, sai ka fara ji a jikinka. Na fara tunani: to idan likitar nan ba ta duba wannan ba fa? Idan ba acca da tafiya ne suka ramar da ni ba fa? Na fara tuna dararen da babanku yake kwana a hanya, garuruwan da ban taɓa gani ba. Mutumin da ya daina shan lemo saboda ni. Ya dawo daga Legas wata rana da la'asar, ƙura har gashin ido, ya zauna a tsakar gida yana wanke ƙafa. Na tsaya a kansa na tambaye shi. Da Hausa na yi tambayar, domin da yarenmu bakina ba zai iya furta ta ba. Na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah ko akwai abin da ya kwaso a hanya ya kawo mini.

Bai ɗago nan da nan ba. Ya ajiye butar, ya mayar da ƙafarsa jiƙe cikin takalmi, ya miƙe.

"Ɗauko gyalenki," ya ce.

Muka hau babur zuwa asibiti. Shi ya fara miƙa hannu aka ɗebi jini. Muka zauna a benci ɗaya, tsakaninmu wurin zaman mutum guda, har aka kira mu aka ce duk mu biyu ba mu da komai. Na yi tsammanin zan ji sanyi, amma abin da na ji shi ne da ma ƙasa ta buɗe. A hanyar dawowa ban riƙe shi ba, ƙarfen bayan babur na riƙe. Da muka isa gida ya ce zai je wurin fasto a sanar ranar Lahadi kowa ya ji. Na ce a'a, har da kuka. A tashi gaban jama'a a ambaci wannan ciwo tare da sunanmu, ko da a ce ba mu da shi ne, na ga kamar an tuɓe ni a kasuwa. Waɗanda ba su ji ba ma za su ji, waɗanda suka ji kuma za su ce me ya kai su gwaji in ba su da abin tsoro. Ya ce to shi ke nan, in bar su su yi ta magana, bakinsu zai gaji, ni dai in ci gaba da abin da likita ta ce. Bai sake tayar da maganar ba. Yana cin abincina, yana kwana a ɗakinmu, yana tashina da sassafe kamar da. Sai dai a gefen layin dogo yanzu yana gaba ina baya, kuma babu dariya.

Da na bi shawararsa, da yau ina da ƙafa biyu. Amma girbi yana matsowa, benci babu kowa, 'yata ba ta kallona, mijina yana tafiya a gaba. A kaina abu ɗaya ne zai gyara duka: jikina ya dawo. Akwai wani mai tallar magani a tasha, yana yawo da kwando a ka. Na kira shi bayan rumfa kamar zan sayi maganin ciwon kai, na ce ina son na ƙiba. Ko mamaki bai yi ba, ya ce mata da yawa suna saye, musamman masu shirin biki. Ya ƙulla mini ƙananan ƙwayoyi a leda, wasu farare wasu ja-ja, ya ce sunansa sha-ka-fashe. Ina juyowa na ga Hajiya Uwani tsaye da mazubin manja a hannu. Ta jira ya tafi sannan ta shigo. Ta ce ƙanwarta ta sha irinsa kafin aurenta, fuskarta ta kumbura, har yau ba ta ƙara lafiya ba, balle ni mai suga.

"Maman Tabita, ni na ɗauke ki daga ƙasa ranar nan, na san nauyin da kika sauke. Masu maganar nan ba su ne za su kwanta a gadon asibiti ba. Ba ni ledar in zuba a kwata."

Na ce mata ita ba a ɗaga auren 'yarta ba, ta bar ni da abin da ya dame ni. Magana ce mai zafi, kuma ba ta rama ba. Abin da ta yi shi ne, daga ranar kullum da azahar sai ta bar rumfarta ta zo ta zauna a bencina na gaba, inda duk mai wucewa zai gani, ta sa in zuba mana a kwano ɗaya, ta sa hannu muna ci tare. Tana yi tana kiran mutane da suna tana gaishe su. Wasu kaɗan sun dawo saboda ita. Amma ni na riga na fara haɗiyar ƙwayoyin.

Yunwar da maganin nan ke sawa ba irin ta mutane ba ce. Ina ci ina jin kamar ana zubawa a rami. A gida ina cin accata da ɗan dunƙulen tuwo gaban babanku, in na isa rumfa sai in zauna bayan buhunan gawayi in ci sakwara malmala biyu in kora da lemo. Na daina zuwa asibiti ranar awo, domin sikeli ba ya rufa asiri. Fuskata ce ta fara cika, ta yi zagaye tana sheƙi, sannan wuya, sannan ciki. Babanku ya lura. Ya tambaya sau ɗaya, na ce maganin likita ne ya karɓe ni. Ya ce in je a auna ni, na ce na je. Ya bar maganar. Ina ganin tun ranar da na yi masa waccan tambaya ya ɗaure wa kansa cewa shi ba zai tuhume ni da komai ba. Na daina fita tafiyar safe, na ce gwiwa. Ya ci gaba da fita shi kaɗai.

Kuma abin ya yi aiki, wannan shi ne abin takaicin. Direbobi suka dawo, cokula suka koma aljihu. Aka sake kirana Mama Cika-Ƙofa. A Zumunta shugabarmu ta tsayar da waƙa ta ce 'yan'uwa su dubi abin da Ubangiji ya yi, addu'armu ba ta faɗi ƙasa ba. Mata suka yi guɗa, aka jawo ni tsakiya, wadda ta saki hannuna ranar nan ita ta fara rungume ni. Na yi rawa. Na yi rawar godiya don warkewa daga ciwon da ban taɓa yi ba, alhali wanda nake da shi yana cina, kuma na sani. A cikin duk abin da ya faru a shekarar nan, har da yankan ƙafar, babu abin da nake jin nauyin tunawa kamar wannan rawar a ɗakin Ubangiji.

Aka yi biki bayan girbi. Mama Saratu ta ci abincina har ta nemi ƙari, ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce yanzu ka dawo mutum. Hoton nan da ke falon Tabita, wanda nake cikin leshi ruwan zuma kuna cewa na yi kyau, ranar ne aka ɗauka. A ranar ina ganin mutane dishi-dishi, harshena a bushe kamar tsumma, tafin ƙafafuna kuma kamar na wani ne aka ara mini. Na ce a raina bari a gama biki in daina maganin in koma wurin likita. Aka gama, na ce bari Kirsimeti ta wuce, kada a ga na sake zubewa nan da nan.

Kirsimeti ba ta zo ba sai da garwashin ya riga ta. Ya faɗo daga murhu ya shiga tsakanin silifas da tafin ƙafata ta hagu, ina tsaye a kansa ina kwasar tuwo ban ji komai ba. Hajiya Uwani ce ta ji ƙaurin roba ta leƙo. Ta ce mu tafi asibiti yanzu, na ce ɗan ƙuna ne. Na shafa manja na ɗaure da tsumma, na sa safa don kada a gani a gida. Ba ciwon nake tsoro ba, ai ba ya ma yi mini zafi. Idon ƙaramar likitar nan nake tsoro. Sai da yatsun suka fara baƙi, wari ya fara fita ta cikin safar, sannan babanku ya zaunar da ni ya cire ta da hannunsa. Ya fita ya nemo mota.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta duba ƙafar, ta duba fuskata, ta tambaya a hankali ko akwai wani abu da nake sha ban da nata. Babanku yana tsaye a bakin gado. Na kalli bango na faɗi komai, da mai kwando, da sakwarar bayan buhunan gawayi, da awon da ban je ba. Ta ce irin waɗannan ƙwayoyi suna hura suga kamar ana hura wuta, suna kuma hana ciwo warkewa. Aka tura mu babban asibiti a Jos. Sun yi ƙoƙari su tsaya a yatsu, abin ya riga ya hau. Aka yanke ƙasa da gwiwa.

Babanku ya bar doguwar hanya daga wannan shekarar, ya koma jan ƙaramar motar kaya tsakanin Kafanchan da ƙauyuka, don ya riƙa kwana gida. Abin da ya sa Rahila ba ta tafi makarantar da take so ba ke nan, ba wai don bai damu ba, kamar yadda ta daɗe tana zato. Shi yake wanke mini dungun da ruwan ɗumi kowace safiya, ya shanya, ya naɗe. Wata rana yana cikin naɗewa na ce masa ya yafe mini tambayar da na yi masa a tsakar gida. Na daɗe ina shirya maganar, na zaci za ta yi tsawo. Bai tsaya da abin da yake yi ba.

"Kin tambaya, na amsa," ya ce. "Ɗaga in zagayo da bandejin."

Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kai ke nan har ya rasu.

Na sake ramewa bayan aikin, wannan karon ba wanda ya ce komai. Mace mai ƙafa ɗaya an san abin da ke damunta. Matan Zumunta sun zo da abinci da waƙa, suka ce aikin Shaiɗan ne da ya ga an warkar da ni ya biyo ta wata hanya. Na bar su a haka. Sau da yawa na yi niyyar tashi lokacin shaida in faɗi yadda abin yake, in na kama sanda sai in koma in zauna. Har yau ban yi ba.

A wurin da ake koya mana tafiya da sanda na haɗu da wata mata daga wajen Kagoro, Mama Ladi, ita ta dama aka yanke mata. Muna zaune ta kalli ƙafata na kalli tata, ta tambayi lambar takalmina, ashe ɗaya muke sawa. Tun daga lokacin duk Kirsimeti ɗayarmu ke sayen takalmi, ta ɗauki na ƙafarta ta aika wa ɗayar da sauran. Ita ce mutum ta farko da na ba wannan labari daga farko har ƙarshe ba tare da an tambaye ni ba. Ta saurara, ba ta ce Allah ya sawwaƙe ba, ba ta ce ba laifina ba ne. Ta ce in gaya wa 'ya'yana mata, domin ciwon nan yana bin jini. Na ce zan yi, na yi ta ɗagawa.

Watan jiya Tabita ta zo ta zauna a bakin gadona, ta ce an auna ta an ce sugarta ta fara hawa, an ce ta rage jiki. Ta yi 'yar dariya ta ce ita matar dattijon coci ce yanzu, in ta zube me mutane za su ce. Na ce mata kawai ta bi abin da likita ya faɗa. Bayan ta tafi na aika Dauda ya sayo mini biro da takarda.

Tabita, za su ce wani abu, wannan babu shakka. Ki bar su su faɗa. In kin ji ba za ki iya fita tafiyar safe ke kaɗai ba, ki biyo ta nan ki ɗauke ni. Ba ni da sauri, amma ina kaiwa gadar farko.